Tarihin Birnin Osaka Na Ƙasar Japan

Wani mai saurarenmu ya rubuto yana cewa ya ji ana kiran Osaka birnin 'yan kasuwa, don haka yana son a ba shi tarihinsa tun daga tushe.

To malam, mun gode da wasiƙarka. Abin da za ka fara sani shi ne, shekaru wajen 6,000 da suka wuce, akasarin filin da birnin yake kai yanzu ruwan teku ne. Wani tudu ne kawai ya miƙe cikin ruwan, ana kiransa Uemachi. A Morinomiya, gefen tudun, masu tono sun sami juji na ɓawon kifin da mutanen wancan zamani suka ci. Na ƙasa-ƙasa irin na ruwan gishiri ne, na sama kuwa na ruwan daɗi. Ka ga ke nan jujin ya nuna yadda koguna suka riƙa cike wurin da laka har teku ta zama tafki, tafki ya zama ƙasa.

Sunan garin na farko Naniwa, tashar jiragen ruwan da ke zuwa Koriya da Sin. An gina ɗakin ibadar Buda na Shitennoji a 593, kuma a 645 Sarki Kotoku ya mai da fadarsa can. Ba a jima ba sarauta ta tashi ta koma wani wuri, tashar jiragen kuwa ta ci gaba da aikinta.

A 1496 wani malamin addinin Buda, Rennyo, ya kafa wurin ibada a kan tudun, mabiyansa suka kewaye shi da ganuwa. Shekara 10 jarumi Oda Nobunaga ya yi yana yaƙarsu kafin su sallama a 1580. A kan kufan ne Toyotomi Hideyoshi ya fara gina shahararren gidan sarautar Osaka a 1583. Gidan Tokugawa suka ci shi a 1615, mulki kuma ya tabbata a Edo, wato Tokyo ta yau.

To a nan ne amsar tambayarka take. A lokacin, da shinkafa ake biyan haraji. Hakiman ƙasar sukan ɗoro ta a jirgi zuwa rumbunansu na Osaka don su mai da ita kuɗi. Sai fatake suka daina wahalar jidar buhuna, suka koma cinikin takardar shaidar ajiya. A kasuwar Dojima, wadda hukuma ta amince da ita a 1730, har shinkafar da ba a girbe ba ake yi wa farashi. Shi ya sa aka yi wa garin kirari da madafar ƙasa. A tsarin zamanin ɗan kasuwa ne ƙarshen daraja, amma fa hakimai da yawa bashinsa suke ci. Talaka kam bai ji daɗi ba: a yunwar 1837 wani tsohon jami'i, Oshio Heihachiro, ya yi tawaye, gobara ta cinye babban sashen garin.

Daga baya masaƙu suka cika shi. A nan Matsushita Konosuke ya kafa kamfaninsa a 1918, masu rediyon nan National, Panasonic a yanzu. A 1925 Osaka ya fi Tokyo yawan jama'a. Jiragen Amurka sun ƙona tsakiyarsa a Maris 1945, aka sake gina shi. An yi bikin baje kolin duniya a lardin a 1970, sannan aka sake yi a 2025 a Yumeshima, tsibirin da aka cike teku aka yi.