Shin sabon fenti yana canza sautin lasifika?

Lasifikar da ake yawo da ita daga gidan biki zuwa wajen wa'azi ba ta daɗewa da kyanta. Ƙurar hunturu, danshin damina da wahalar lodi a bayan mota kan sa akwatin ya ƙwarzane, kafet ɗinsa ya yage, ƙarfen ya yi tsatsa.

Ga mai bayar da hayar kayan sauti, wannan batu ne na kuɗi, domin mai biki da ido yake fara ciniki. Shi ya sa ake kai su wajen kafinta ko mai fenti. Sai dai wani lokaci kayan kan dawo suna sheƙi, amma sautin ya lalace. Laifin fenti ne?

Fentin waje ado ne da kariya

Galibin manyan akwatunan ana yin su ne da filawud ko MDF mai kaurin milimita 15 zuwa 18. Fentin da ake shafawa a kai bai kai milimita ɗaya ba, don haka baƙi ne ko fari, da wuya kunne ya ji bambanci.

Babban amfaninsa shi ne tare ruwa. MDF garin katako ne da aka matse da gam, da zarar ya sha ruwa sai ya kumbura, kuma ba ya komawa yadda yake.

Abin da ke taɓa sauti yana daga ciki. A shekarun 1970, injiniyoyin BBC sun tsara wata ƙaramar lasifika mai suna LS3/5A domin motocin watsa shirye-shirye. Sun yi akwatin da filawud mai milimita 12, suka manna faifan kwalta a bangonsa na ciki don ya rage karkarwar katakon.

Inda ɓarnar take faruwa

Wuri na farko shi ne takardar nan mai siffar kwano da ke motsi ta fitar da sauti. An auna nauyinta tun daga masana'anta. Idan fenti ya hau kanta, nauyi ya ƙaru, ƙarfin sauti ya ragu, siririyar murya ta dusashe.

Na biyu shi ne ƙarfen da ke riƙe da takardar. Idan ana goge tsatsarsa da samfefa, maganaɗisun da ke baya kan janyo garin ƙarfe zuwa cikin siririn ramin da kwayil ke kai-komo. Daga nan sai ƙarar gugar ƙarfe ta fara, har kwayil ɗin ya lalace.

Na uku shi ne ragar gaba. Fenti mai kauri na rage girman ramukanta, kamar yadda yadi mai kauri ke tare siririn sauti.

Na huɗu kuwa shi ne zubar iska. In aka mayar da lasifikar cikin akwatin ba tare da robar da ke toshe gefenta ba, iska za ta riƙa fita, kaurin sautin ya ragu.

Kafin ka bayar da aikin

Ka sa a kwance komai, a fenta akwatin shi kaɗai. Idan ƙarfen za a gyara, a rufe takardar da maganaɗisun tukuna. A shafa fenti siriri sau biyu ko uku maimakon mai kauri sau ɗaya, kuma a bar shi ya bushe sosai kafin a haɗa. Kada a toshe ramin iska da masana'anta ta bari, domin faɗinsa da tsawonsa lissafi ne.

In lasifika biyu iri ɗaya gare ka, fara da guda. Ka ajiye ta kusa da 'yar uwarta, ka kunna musu waƙa ko karatu ɗaya. In kunnenka bai ji bambanci ba, sai ka bayar da ta biyun.