Sassan Nazarin Sadarwa na Jami'o'i: Koyarwarsu, Bincikensu, da Matsayin Harshe a Cikinsu

1. Gabatarwa

Ma'aikatan yaƙi da jahilci da masu binciken harshe suna cuɗanya da ƴan jarida kusan kullum, ko dai wajen yaɗa sanarwar buɗe azuzuwan manya a radiyo, ko wajen neman kalmar da za a kira wani baƙon abu da ita. Amma ba safai ake waiwayar inda waɗannan ƴan jarida suka sami horo ba, balle a tambayi irin ilimin da malamansu suka ɗora su a kai. Wannan maƙala bayani ce a kan abin da malaman sadarwa suke koyarwa da abin da suke bincike, sa'an nan ta nuna wani giɓi da ya shafi harshe.

2. Tushen fannin

A Amurka ne nazarin sadarwa ya tsaya da ƙafafunsa, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1948 Harold Lasswell ya kasa sha'anin gida biyar, watau mai aika saƙo, da saƙon kansa, da kafar da ya biyo, da wanda aka aika wa, da kuma tasirin da ya yi. Kowane kashi ya haifar da reshen bincike nasa, kuma har yanzu ana iya ganin sawun wannan rabo a tsarin darussan sassan sadarwa. A 1962 Everett Rogers ya bayyana yadda sabuwar dabara take yaɗuwa cikin al'umma. A 1964 kuma Wilbur Schramm ya rubuta wa UNESCO littafi a kan aikin kafofin watsa labarai wajen gina ƙasa.

Da samun mulkin kai, fannin ya shigo Afirka ta ƙofa biyu. Ta ƙofar Ingilishi, Jami'ar Nsukka ta fara koyar da aikin jarida a 1961, Jami'ar Bayero ta Kano kuma ta buɗe sashenta a ƙarshen shekarun 1970. Ta ƙofar Faransanci, an kafa CESTI a Dakar a 1965, da makarantar ƴan jarida ta Yawunde a 1970. A Yamai an buɗe cibiyar horar da ma'aikatan watsa labarai a 1977, wadda ta ɗauki sunan IFTIC a 1989.

3. Abin da ake koyarwa

Darussan sun rabu biyu. Rukuni na farko sana'a ce zalla: rubuta labari da tace shi, yin hira, sarrafa murya a gaban makirufo, ɗaukar hoto, tsara talla, da hulɗa da jama'a. Rukuni na biyu nazari ne: ra'ayoyin masana a kan tasirin kafofi, tarihin jarida, dokoki da ɗa'ar aiki, da hanyoyin gudanar da bincike. Saboda yawan rassan, a 2020 hukumar kula da jami'o'in Najeriya ta ba da sanarwar raba digirin sadarwa zuwa fannoni 7, daga cikinsu har da fim, da talla, da sadarwa don raya ƙasa.

4. Abin da ake bincike

4.1. Nazarin saƙo. Mai bincike yakan zaɓi jarida ko shirin radiyo na wani ƙayyadadden lokaci, ya ƙirga sau nawa aka taɓo noma ko lafiya ko siyasa, wa aka ba bakin magana, wa aka bari a baya.

4.2. Nazarin masu sauraro. A nan ana tambayar wa yake saurare, da wane lokaci, shi kaɗai ko cikin taro, da kuma abin da ya fahimta. Ƙasar Hausa fage ce mai albarka ga irin wannan aiki, domin BBC ta fara watsa shiri da Hausa tun 1957, gidan radiyon Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI kuma a 2007.

4.3. Sadarwa don raya ƙasa. Wannan reshe ne ya fi kusa da aikin yaƙi da jahilci, kuma Nijar tana da tarihi a cikinsa. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na radiyo: masu wayar da kai su ɗauki muryoyin manoma a kan wata matsala, a haɗa shiri a Yamai, a watsa, sa'an nan mutanen gari su taru su saurara su yi mahawara. A 1964 kuma aka soma gwajin koyar da yara ta talabijin. Darasin da masana suka ɗauka daga irin waɗannan ayyuka shi ne, saƙon da ya sauko daga sama bai kai wanda jama'a suka sa baki a cikinsa shiga zuciya ba.

4.4. Fim da sababbin kafofi. Tun fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, fim ɗin Hausa ya zama abin nazari. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi fice wajen bin diddigin yadda finafinan Indiya suka yi tasiri a kansa. Bayan haka wayar salula ta buɗe wani sabon babi, tun da wanda bai iya karatu ba yana aika saƙon murya ta WhatsApp.

5. Giɓin harshe

Idan aka sake duban kashi biyar na Lasswell, za a ga babu harshe a cikinsu, domin an ɗauka mai magana da mai sauraro harshensu ɗaya. Masanin harshe Roman Jakobson ne, a 1960, ya lissafa ginshiƙai 6 na sadarwa, ya sa harshen da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kai a cikinsu. A Nijar wannan ginshiƙi ba abin da za a tsallake ba ne. Ɗalibi yakan koyi rubuta labari da Faransanci, amma ranar da ya kama aiki a wani gidan radiyo na Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, sai a miƙa masa takarda da Faransanci a ce ya juya ta zuwa Hausa nan take.

Misalai biyu sun isa su nuna nauyin al'amarin. Na farko, bambancin kalmomin aro a ɓangarori biyu na iyaka: ana cewa mato da lakwal da lampo da sida a arewa, alhali kuwa a kudu mota da makaranta da haraji da ƙanjamau aka fi ji. Shirin da aka tsara a Kano zai iya zuwa Madawa da kalmar da manomi bai saba da ita ba. Na biyu ya fi wannan tsanani. Jimlar «ƙayyade iyali» tana sa mai sauraro ya ji kamar ana son a sa wa zuri'arsa iyaka, sai ya toshe kunne. «Tazarar haihuwa» kuwa tana nuni ga hutun uwa da lafiyar yaro, abin da al'ada ta riga ta sani ta hanyar shayarwa har zuwa yaye. Mai binciken da ya auna tasirin shirin bai duba wadda aka yi amfani da ita ba, zai ɗora wa masu sauraro laifin da yake na mai fassara.

6. Kammalawa

Tun da dokar sake gina ƙasa ta 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, bukatar toshe wannan giɓi ta ƙaru. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma akwai ayyuka 3 da masana harshe da malaman sadarwa za su iya haɗa kai a kansu. Na ɗaya, a shigar da ƙa'idojin rubutun Hausa da dabarun fassara cikin darussan ɗaliban jarida. Na biyu, a tattara muryoyin labarun radiyo a mai da su rubutu, domin a san kalmomin da suka kama bakin jama'a kafin a buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi. Na uku, a gwada kowane littafin karatun manya a gaban masu koyo, da irin hanyoyin da ake auna fahimtar masu sauraro, kafin a kai shi maɗaba'a.