Ruwan da Ke Cin Sabuni

Yau zancenmu na ruwa ne, ruwan nan da ke cin sabuni.

Mata sun san shi. Ki goga sabuni, ki sake gogawa, kumfa ta ƙi tashi. Butar shayi ta yi farin ɓawo a ciki. Wake ya daɗe bisa wuta bai nuna ba. Sai a ce mai kanti ya sayar da mugun sabuni. Sau da yawa ba laifinsa ba ne, laifin ruwa ne.

Ga dalili. Ruwan sama idan ya shiga ƙasa, ya ratsa farin dutse, yakan narkar da kaɗan, ya kai shi cikin rijiya. Irin dutsen nan yana da yawa a ƙasar Adar, cikin jihar Tawa. Shi ake haƙa a Malbaza ana yin siminti. Ido ba ya ganinsa cikin ruwa, amma shi ke kama sabuni. Shan wannan ruwa ba ya sa ciwo. Kuɗin sabuni da itace yake cinyewa.

Kafin ku nemi magani, ku gwada ruwanku. Ku samo kwalba 2. Ku zuba ɗanyen ruwan rijiya a ta farko, rabi. A ta biyu ku zuba ruwan rijiyar nan da aka tafasa ya huce, shi ma rabi. Ku saka ɗan gutsuren sabuni daidai wa daida. Ku rufe, ku girgiza sau 20, ku duba kumfa.

Idan kwalba ta biyu ta fi kumfa, to tafasawa tana maganin ruwanku. Zafi yana raba dutsen da ruwa, ya kwanta a gindin tukunya. A bari ya huce, a tsiyaye. Sai dai itace da tsada, babu mai tafasa ruwan wankin gida duka.

Idan kumfar ɗaya ce, tafasawa ba ta isa ba. Nan sai kanwa. A jiƙa ƴar kaɗan cikin ruwan wanki, a motsa, a bari farin ya kwanta, a ɗebi na sama. Wannan don wanki ne kawai, ba don sha ba. Da damina kuwa, mai rufin kwano ya tari ruwan sama a randa. Babu ruwan da ya kai shi kumfa. Ɓawon buta kuma, ruwan lemun tsami yana narkar da shi.

A birane kamar Yamai akwai mashin da ake haɗawa da fanfo. Cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi kamar gero. Su ke riƙe dutsen, su saki ɗan gishiri a madadinsa. Idan sun cika, sai a wanke su da ruwan gishiri. Saboda haka kullum mashin yana son gishiri mai tsabta, ba kantun Balma mai ƙasa ba. Yana son fanfo mai ƙarfi, da wanda ya iya gyara. A ganina, mai jan ruwa da guga ya bar kuɗinsa a aljihu. Mai hawan jini kuma ya tambayi likita kafin ya riƙa shan ruwan mashin.

Ku saurara da kyau a nan. Mashin ɗin nan ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Ba ya cire zartsi. Ba ya kuma cire wani sinadari da ake kira fuliwor. A Tibiri, kusa da Maraɗi, ruwan wata rijiyar burtsatse da aka soma sha a 1985 yana ɗauke da shi fiye da kima. Haƙoran yara suka yi ja, ƙasusuwan wasu suka lanƙwashe. Tafasawa ma ba ta cire shi. Idan kun ga haƙoran yaran gari suna yin tabo, kada ku tsaya ga kanwa. Ku gaya wa mai gari, a kira ma'aikatan ruwa su auna rijiyar.

Aikinku na wannan mako: ku yi gwajin kwalba 2, ku rubuta sunan rijiyar da abin da kuka gani, ku kai wa malaminku. Mu kwana lafiya.