Wa Zai Yashe Kwatar Ƙofar Gidanmu?

A daminar da ta wuce, cikin wani dare na watan Agusta, aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya a unguwarmu da ke wajen badalar Kano. Kafin kiran assalatu ruwan ya cika kwatar layinmu ya tumbatsa, ya bi gangare ya afka gidan wata dattijuwa mai tuyar ƙosai da ke can ƙarshen layin, wadda duk muke kira Iya. Bangon ɗakinta na ƙasa ya jiƙe ya zube. Allah ya taƙaita abin, domin ita da jikokinta uku sun riga sun fito tsakar gida, amma katifa da buhun wake da 'yan kwanukanta duk sun tafi.

Da gari ya waye muka taru a ƙofar gidan muna jajantawa, kuma kamar yadda muka saba, nan take muka samu mai laifi. Wannan ya ce gwamnati ba ta san da talaka ba, wancan ya ce kansila tun da ya ci zaɓe ba a sake ganin ƙeyarsa ba. Ni ma na tofa albarkacin bakina, har da kawo misalin ƙasashen da na taɓa zuwa. Wani tsoho da ya yi aikin duba-gari tun zamanin En'e yana zaune a kan dakali bai ce uffan ba. Sai da hayaniya ta lafa ya kira ni gefe.

"Malam, zo mu taka ka ga wani abu."

"To, Baba."

Muka bi kwatar tun daga farkon layi. Ledar fiya wata da robobin lemo da ƙunzugun jarirai sun toshe bakin kwalbati. Mun ƙara gaba kaɗan sai ga yashi da ɓaraguzan bulo da wani mai gini ya bari. Da muka iso ƙofar gidana sai ya tsaya, ya nuna da sandarsa gangaren simintin da na sa aka zuba a kan kwatar don in riƙa shigar da mota cikin sauƙi. Magini ya matse hanyar ruwan har ta koma rabin faɗinta, kuma ban taɓa sunkuyawa na duba ba.

"Ɗana, wannan ma kansila ne ya zuba?" in ji shi.

Ban sami abin cewa ba. Masu iya magana sun ce laifi tudu ne, sai ka taka naka ka hango na wani, kuma a ranar na ga tudun da nake tsaye a kai.

Abin da ya fi damuna bayan na natsu shi ne irin mutanen da ke zaune a wannan layi. Akwai likita, akwai lauya, akwai injiniya, akwai malaman jami'a biyu, akwai darakta mai ritaya. Kowannenmu ya haƙa rijiyar burtsatse a gidansa, ya ɗora sola a kan rufi, ya ɗauki maigadi, ya kai 'ya'yansa makarantar kuɗi. Kowa ya zama ƙaramar hukumar kansa, iyakarta katangar gidansa. Abin da ke bayan katangar kuwa, titi ne ko kwata ko makarantar firamaren unguwa, mun sa masa suna kayan gwamnati, wato abin da ba na kowa ba. Ruwa kuma bai san katanga ba. Idan muka kore shi daga ƙofarmu, gangare yake bi, kuma a gangaren ne masu ƙaramin ƙarfi irin su Iya suke zaune.

Mu 'yan boko mun haddace haƙƙoƙinmu. Da wuya ka zauna a majalisarmu ta yamma ba ka ji wani ya ambaci sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ba, inda aka ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Gaskiya ne, kuma wajibi ne mu ci gaba da tunatar da masu mulki. Sai dai sashe goma kacal a gaba, wato sashe na 24, kundin ya jera wajibai shida da ke kan kowane ɗan ƙasa: bin tsarin mulki da girmama hukumomin da ke bisa doka, kare martabar ƙasa da yi mata hidima, mutunta sauran 'yan ƙasa da haƙƙoƙinsu, ba da gudummawa mai amfani ga ci gaban al'ummar da mutum yake zaune cikinta, taimaka wa hukumomi wajen tabbatar da doka da oda, sannan bayyana abin da mutum yake samu bisa gaskiya da biyan haraji a kan lokaci. Ban taɓa jin wani ya ɗaga murya a majalisa yana karanto wannan sashe ba, har da ni mai wannan rubutu.

Abin tambaya a nan shi ne, yaushe muka zama haka? Iyayenmu a karkara sun san aikin gayya. Idan hanyar kasuwa ta lalace ko rijiyar gari ta rufta, mai unguwa zai sa a yi shela, samari su fito da fartanya da kwando, mata su dama kunu, kafin azahar an gama. A birni kuwa duba-gari yana shiga gida gida, yana leƙa randa da makewayi, wanda aka samu da ƙazanta ya sha tara. Ba na cewa zamanin ya fi namu adalci. Harajin ka da jangali da En'e take karɓa sun zo da zalunci mai yawa, an ɗaure mutane, an shanya wasu a rana, wasu sun bar garuruwansu saboda shi. Wannan zaluncin yana cikin abin da Malam Aminu Kano da 'yan NEPU suka yaƙa, kuma da gwamnatocin PRP na Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979, talakawa sun yi murna, kuma suna da hujjar yin murnar.

Amma a ganina akwai abin da ya salwanta a tsakani, wanda ba wanda ya yi niyyar zubar da shi. Mutumin da ya cire kuɗi daga aljihunsa ya kai baitulmali yana jin ciwon kuɗin, yana kuma da bakin tambayar inda aka kai su. Da kuɗin man fetur suka zama su ne ke tafiyar da gwamnati, ana rabo daga tarayya duk wata, sai mai mulki ya daina buƙatar aljihun talaka, talaka shi ma ya daina ganin dukiyar hukuma a matsayin guminsa. Daga nan gwamnati ta koma kamar wani attajirin baƙo, in ya ba ka ka gode, in ya hana ka ka zage shi, in ka samu sarari ka ɗebi rabonka. Wanda ya kwance wayar taransifoma da wanda ya karkatar da kuɗin kwangila tunaninsu ɗaya ne, girman cokalinsu ne ya bambanta.

An taɓa gwada gyara mu da bulala. Gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari da Tunde Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, aka tilasta bin layi da share gari, kuma daga wancan zamani muka gaji tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata. Yau ga yawancinmu wannan safiya ta zama lokacin ƙarin barci har a buɗe hanya. Wannan ya nuna cewa ɗa'ar da tsoron soja ya kawo tana tafiya ranar da sojan ya koma bariki.

Ko a wajen zaɓen shugabanni haka abin yake. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum fiye da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a kimanin miliyan 25 ne, wato kusan mutum ɗaya cikin huɗu. Na san abokai masu digiri biyu da uku da suka wuni a falo ranar suna bin sakamako ta waya, su kuwa irin su Iya suna tsaye cikin rana a layi. Kansilan da muke zagi a ƙofar gidanta, da za a tambaye mu sunansa, da yawanmu sai mun yi waige-waige.

Na san mai karatu zai ce, ai ana cire mini haraji daga albashi tun kafin ya iso hannuna, me kuma ake nema a wurina? Zai ƙara da cewa irin wannan magana tana wanke ɓarayin gwamnati. Ko kusa. Yashe babbar magudana irin ta Jakara, da kwashe bola, da hana gini a kan hanyar ruwa da cike kududdufai, aikin hukuma ne, kuma babu gayyar da za ta iya ɗaukarsa. Ambaliyar 2022 da ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin ƙasar nan, da ɓallewar madatsar Alau da ta cinye Maiduguri a watan Satumban 2024, ba ledar ƙofar gidan kowa ce ta jawo su ba. Sai dai bin diddigin harajin da aka cire maka shi ma wajibi ne a kanka, kuma mai ilimi ya fi kowa sanin yadda ake rubuta takardar koke, da ofishin da ake kai ta, da yadda ake karanta kasafin kuɗin ƙaramar hukuma. Idan mu da muka san hanya muka rufe ƙofa muka kunna sola, wa muke so ya yi? Addininmu ma ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani, ya kuma tsananta a kan haƙƙin maƙwabci, bai ce sai an ga kyawun shugaba tukuna ba.

Mako guda bayan rushewar ɗakin, na kira magini ya fasa gangaren ƙofar gidana, aka sa murfin ƙarfe mai ramuka wanda ake iya ɗagawa. Muka je wurin mai unguwa ya tara masu gidajen layin bayan sallar isha'i. An yi musu, wasu sun ce ba za su yi wa gwamnati aikinta ba, mutum biyu har yau ba su ba da ko sisi ba. Sauran muka yi karo-karo muka sayi shebur da baro da manjagara, muka tayar wa Iya da bangonta da bulon siminti. Injiniyan cikinmu ya auna kwalbatin ya tabbatar ya yi wa layin ƙanƙanta, lauyan ya rubuta takarda, mu goma sha ɗaya muka sa hannu muka kai sakatariyar ƙaramar hukuma. Har yanzu ba a zo ba, mun koma sau uku, kuma za mu sake komawa. Kafin nan, duk Asabar ɗin ƙarshen wata muna fitowa da kanmu, ba mu tura masu gadi ba, tsohon duba-garin nan yana kan dakalinsa yana nuna mana inda muka tsallake.

Allah ya ba mu shugabanni masu tausayi, ya kuma ba mu ikon sauke namu nauyin, amin.