Matar da Ta Tashi Ƙaryata Zance, Ta Dawo da Hujjarsa

 Shirinmu na musamman na yau zai duba aikin wata masaniyar tsirrai 'yar Amurka, Dakta Mary-Dell Chilton.

An haife ta a 1939, ta yi digirin digirgir a fannin sinadarai a Jami'ar Illinois a 1967. Amma labarin da muke son ku ji, a birnin Seattle ya faru.

Akwai wata cuta da ke kama itacen inabi da tuffa. Sai ka ga ƙululu ya fito a gindin tsiro, daidai inda kara ya shiga ƙasa, yana ta kumbura kamar ƙari a jikin mutum. Tun 1907 aka san wata bakteriya ce mai suna Agrobacterium ke haddasa shi. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, ko an kashe bakteriyar, ƙululun ba ya daina girma. Ku ji fa: mai ɓarnar ta mutu, ɓarnar na ci gaba.

Wasu suka ce ai bakteriyar tana cusa wa tsiron ƙwayoyin gadonta ne. Chilton ba ta yarda ba sam. Ina bakteriya, ina tsiro? Da niyyar ƙaryata zancen ta shiga binciken a Jami'ar Washington da ke Seattle, tare da Eugene Nester da Milton Gordon. Suka ciro ɗan zoben DNA na bakteriyar, suka yayyanka shi gunduwa-gunduwa, suka dinga gwada kowace gunduwa da DNA na ƙululun, ba dare ba rana. Sakamako ya fito: ga gunduwar bakteriya nan zaune daram a cikin ƙwayoyin tsiron. A 1977 suka wallafa shi a mujallar Cell. Abin da ta je rushewa, ita ta kafa shi da hannunta.

To, sai tunani ya zo mata. Idan bakteriya na iya kai saƙo cikin tsiro, me zai hana a cire sashen da ke kawo ƙululu, a ɗora mata saƙon da ake so? Haka ta yi a St. Louis, da ganyen taba. A Janairun 1983, a wani taro a Miami, ita da wasu tawagogi biyu, na Beljiyam da na kamfanin Monsanto, suka bayyana nasararsu.

Lambobin yabo sun biyo baya: zama mamba a Majalisar Kimiyya ta Amurka a 1985, Kyautar Abinci ta Duniya a 2013 tare da Marc Van Montagu da Robert Fraley, sai lambar fasaha ta ƙasa daga hannun Shugaba Biden a 2023.

Lokaci na ƙure mana, amma manoman wake su saurara. Irin SAMPEA 20-T na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, wanda aka amince da shi a 2019, da wannan bakteriyar aka sanya masa kariya daga tsutsar maruka, mai huda fure da kwanson wake. Inda manomi ke feshi sau shida zuwa takwas, yanzu sau biyu ya wadatar. Har yau ana muhawara kan irin waɗannan iraruwa, kuma muhawarar na buƙatar shirinta daban.