Nisan Sakkwato zuwa Jidda a jirgin sama da hukuncin ƙasaru

Tambaya: Malam, daga Sabon Birni nake, zan tafi aikin Hajji bana. An ce jirgi awa biyar kacal yake yi. Shin mai irin wannan tafiya mai sauƙi zai yi ƙasaru?

Amsa: Alhamdu lillahi, tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, ka sani shari'a ta rataya ƙasaru ga nisan tafiya, ba ga awoyin da aka ɗauka ba. A mazhabar Imam Malik nisan shi ne barid huɗu, wato mil 48, abin da malamai ke kimantawa da kilomita 80 da 'yan kai. Daga Sakkwato zuwa Jidda a miƙe kusan kilomita 3,700 ne, zuwa Madina kuwa kusan 3,800. Kakanninmu da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙasa sun kwashe watanni, wasu shekaru. Kai za ka yi ta a awa biyar ko ɗan fiye, amma da kai da su duk matafiya ne.

Hasali ma ba a filin jirgi na Sarkin Musulmi Abubakar III ƙasarunka zai fara ba. Hanyar Sabon Birni ko Isa zuwa Sakkwato, Allah ya kawo mana zaman lafiya a cikinta, ita kaɗai ta wuce kilomita 100. Da zarar ka bar gidajen garinku, Azahar da La'asar da Isha'i sun koma raka'a biyu-biyu. Magariba da Asuba ba a taɓa su. Sai dai in ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a sansanin alhazai, to ka cika har ranar da ka tashi. In kuwa kullum cewa ake yi gobe jirgi, ba ka san ranar ba, ci gaba da ƙasaru.

Abin da na fi ji wa alhazanmu shi ne lokaci. Gabas kuka nufa, agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu. Wanda ya tashi ƙarfe biyu na rana ba zai sauka ba sai wajen ƙarfe tara na dare a can, La'asar ta fita yana sama, agogon hannunsa kuma yana yaudararsa. Saboda haka ka duba rana ta taga, ko ka tambayi ma'aikatan jirgi. Ka shiga da alwala. Sallar da lokacinta ya yi kafin tashi, ka yi ta a ƙasa. Wadda kuma ka ji tsoron fitar lokacinta, ka yi ta a jirgi gwargwadon iko, alƙibla ma kusan gabanka take.

In Jidda za a sauke ku kai tsaye zuwa Makka, ɗaura haraminka tun Sakkwato, ka yi niyya idan an zo daidai miƙati. In Madina ce, sai a Zul Hulaifa.

Wallahu a'alam.