Kafin ka sayi injin rijiya, auna rijiyar tukuna

Duk wanda ya shiga shagunan kayan famfo a Sabon Garin Zariya ya ce yana son injin jan ruwa, abin da za a fara tambayarsa shi ne, "Alhaji, mai doki nawa?" Wannan tambayar mai shago ce. Tambayar da ta kamata maigida ya yi wa kansa ita ce: a watan Afrilu, ruwan rijiyata a ina yake tsayawa, kuma in an kwashe shi, awa nawa yake yi kafin ya dawo?

Zariya a kan dutse take zaune. Dutsen Kufena da ake hange daga nesa, irinsa ne shimfiɗe a ƙarƙashin Samaru da Hayin Dogo da Muciya. Ruwa yana taruwa ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagoginsa, yana tsattsafowa a hankali. Shi ya sa rijiyar da ke cika maƙil a Agusta takan koma sai an ƙara wa guga igiya da bazara. Wanda ya auna da damina ya sayi inji, rani zai ba shi labari.

Injin iri biyu ne. Na sama, wanda ake girkewa a bakin rijiya, zuƙo ruwa yake yi, kuma zuƙar tana da iyaka. Nauyin iska ne ke tura ruwan cikin bututu, ko a bakin teku bai wuce mita 10 da ɗoriya ba. Zariya kuwa ta ɗara teku tudu da fiye da mita 600, don haka a aikace da wuya ya jawo ruwan da ya yi nisan mita 7 ƙasa, komai yawan dokinsa. Na biyu, sumo, shi a cikin ruwan yake zama, turowa yake yi, wannan iyakar ta zuƙa ba ta shafe shi ba. Amma ruwan ne ke sanyaya shi. Da ya ƙafe, sai kwayil ya ƙone.

A nan ne son babba ke cutar mutane. Sumo mai doki ɗaya da rabi a rijiyar hannu zai kwashe ta cikin ƴan mintuna, ya tayar da laka, ya ci gaba da juyawa a bushe. Mai rabin doki yakan wadaci gida mai tanki ɗaya a kan hasumiya. Ga kuma wuta: doki ɗaya wat 746 ne, kuma lokacin tashi inji kan ja ninki uku ko fiye. Ƙaramin janaretan nan na fitila da fanka ba zai iya ba, raunanniyar wutar da akan kawo da daddare kuwa ta fi rashinta illa ga inji.

A jikin kowane inji akwai ɗan faranti mai H, wato tsayin da zai iya kai ruwa, da Q, yawan litar da yake bayarwa. Ka haɗa nisan ruwan rani da tsayin tanki, ka ƙara wani abu saboda lanƙwasar bututu, sannan ka nemi wanda H ɗinsa ya zarce haka sosai, domin a ƙololuwar H ruwa ba ya fitowa.

In sumo ne, a sa masa filot mai kashe shi in ruwa ya ja baya. A rataye shi da igiya mai ƙwari, ba da wayarsa ba, sama da ƙasan rijiya kamar kamu ɗaya. Mai hali ya duba na sola, wanda ke ja sannu-sannu tun hantsi har la'asar, daidai da tsattsafin rijiyoyinmu.

Inji dai ba ya tace ruwa. A gidajen hayar ɗalibai na Samaru, inda masai da rijiya kan kusanci juna, a kai ruwan gwaji kafin a fara sha.